Tafiyarmu Zuwa Maraɗi, Ƙasar Gawo

Mun tashi daga Kano da asuba a tsakiyar watan Janairu na 1925 in ji direbanmu cikin raha, gama ya ce hanyar da za mu bi ta fi kama da ta zamanin raƙuma, amma a gaskiya shekarar 2025 ce. Hunturu yana busawa, hazo ya rufe gari, ba a ganin motar da ke gaba sai an matso kusa. Mu huɗu ne. Niyyarmu mu kai gaisuwa ga waɗansu 'yan'uwa a ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, waɗanda muka daɗe ba mu sa su a ido ba. Babban cikinmu ya taɓa yin aikin ba da magani a can a farkon shekarun 1980, kuma tun daga Bichi ya fara ja mana kunne. Ya ce, "Kada ku sa rai za ku ga itace. Da kun ƙetare iyaka, sai rairayi da karan gero. In rana ta take, inuwar motarku ita ce inuwarku." Muka riƙe maganarsa, gama shi ne ya san ƙasar.

Daga Kano zuwa Katsina kamar kilomita 170 ne, daga Katsina zuwa Maraɗi kuwa bai kai 100 ba. Amma wannan guntun ya fi cin lokaci. Tsakanin Katsina da Jibiya shinge ya yi yawa, muka ƙirga har muka gaji muka bari. Dalili sananne ne: 'yan bindiga sun yi shekaru suna addabar ƙauyukan yankin, suna kora shanu, suna kama mutane. Direba ya faɗa mana tun da wuri cewa shi ba ya bin hanyar nan bayan la'asar, ko nawa za a ba shi.

A Magama, bakin iyaka, muka tsaya wurin 'yan canji. Nan dattijonmu ya sha mamakinsa na fari. Ya ce a zamanin da ya zauna can, naira ɗaya tana sayen sefa fiye da ɗari biyu, har ɗan Nijeriya in ya shiga kasuwar Maraɗi sai ya riƙa tafiya kamar ɗan sarki. A ranar nan kuwa jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, ta haura naira dubu biyu. Muka miƙa damin takardu, aka ba mu 'yan kaɗan waɗanda ba su cika aljihun riga ba. Mai karatu da bai saba ba, sai ya lura da lissafin mutanen can: sefa biyar ita ce dala ɗaya, dala ɗari biyu ita ce jaka. In mai tallan ƙosai ta ce maka "ashirin", sefa ɗari take nufi.

Ɗan canjin ya yi mana bayani a taƙaice. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, ba ta motsi sai sun motsa. Naira kuwa an sake ta a watan Yuni na 2023, ta gangara ƙwarai cikin 'yan watanni. Wanda ya ji jiki shi ne makiyayin Nijar da yake kawo ragonsa kasuwar Jibiya, gama da naira za a biya shi, in ya canza sai ya ga rabin ragon ya narke. Haka nan saurayin da ya yi rani yana tura kurar ruwa a Kano ko yana gadi a Ikko. Guminsa ɗaya ne da na bara, amma abin da zai zube gaban tsohonsa ya ragu.

Ita kanta iyakar tana da nata tarihin rufewa da buɗewa. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, daidai lokacin babbar yunwa, shi ya sa har yau tsofaffin ƙasar Hausa ta Nijar sukan kira yunwar nan da sunan shugaban Nijeriya na lokacin, suna cewa El-Buhari. An sake rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ran 26 ga Yuli 2023 aka kuma rufe, sai Maris 2024 aka buɗe. Kowane karo daga manyan birane masu nisa ake yanke shawara, amma a nan ake jin zafinta, wurin mutanen da harshensu ɗaya, aurensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya.

Muka gama da ma'aikatan Ɗan Isa, waɗanda suke kiran kwastan "duwan", muka kama hanya. Ba mu yi nisa ba sai muka ga dattijonmu ya yi shiru, ya manna fuska a gilashi. Gonaki ne hagu da dama, an girbe gero, ƙasa fara fat. Amma cikin kowace gona ga itatuwa tsaye, waɗansu manya, waɗansu daidai tsawon mutum, har iyakar ganin ido. Mafi yawa gawo ne, kore shar a tsakiyar rani, awaki suna kwance a gindinsa. Can sai ya ce wa direba, "Malam, anya ba ka saki hanya ba?" Direba ya yi dariya ya ce hanyar Maraɗi ɗaya ce. Sai da muka zo Danja, ya ga asibitin da mishan ta S.I.M. ta kafa domin masu ciwon kuturta a 1956, sa'an nan ya yarda. A nan ne kuma aka buɗe sashen yi wa mata aikin yoyon fitsari a 2012.

Maraɗi gari ne na Katsinawa. Sa'ad da birnin Katsina ya fāɗi a hannun masu jihadi a farkon ƙarni na 19, zuriyar sarakunan dā suka yi arewa, suka kafu a bakin gulbi, shi ya sa har yanzu sarautar garin Sarkin Katsina ce. Tsibiri ta Gobirawa tana kusa, ba ta fi tafiyar minti ashirin ba. Tsohon garin a cikin kwari yake, sai ambaliyar 1945 ta rushe shi, aka hau tudu aka shata sabon gari mai miƙaƙƙun tituna. Ƙidayar 2012 ta sami mutum wajen dubu 267 a cikinsa, kuma wanda ya ga yadda sababbin unguwanni suka cinye gonaki ya san an wuce nan da nisa.

Ana ce wa Maraɗi cibiyar cinikin Nijar, kuma alhazanta sun yi suna. Gyaɗa ce ta fara ɗaga su. A shekarun 1950 da 1960 ita ce babbar hajar da ƙasar take fitarwa, ana auna ta a kasuwannin ƙauye, ana kai ta Kano inda take haɗuwa da tamu a hau jirgin ƙasa zuwa teku. Farin da ya fara a 1968 ya kai 1974 ya karya ta, cutar da ta kama gyaɗa a 1975 ta ƙarasa. Dalar gyaɗa ta Kano ma a lokacin ta shuɗe. Alhazai ba su zauna ba. Suka juya ga fiton kaya: atamfa, taba, shinkafa, ana sauke su a Kwatano ko Lome, a kawo Maraɗi, daga nan su gangara Nijeriya ta hanyoyin da kowa ya sani amma ba a faɗa. Wannan ma dukiya ce mai ƙafa. Da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, manyan motoci suka koma zagayawa ta Togo da Burkina Faso cikin rakiyar soja, tafiyar kwanaki ta zama ta makonni, kuɗin kaya ya hau.

Ƙananan masu nema su ma abin ya taɓa su. Shekara da shekaru samari da yawa suna cin abinci da man fetur na Nijeriya, suna jera shi cikin kwalabe a bakin titi, gama tallafin gwamnati ya sa ya fi na gidan mai araha. Da aka janye tallafin ran 29 ga Mayu 2023, ribar ta tsuke. Muka ga tebura da yawa babu kwalba. Jama'a suka koma gidajen mai, nauyi ya hau kan matatar Damagaram wadda aka buɗe a 2011, mai tace ganga dubu 20 a rana. Bayan mun dawo gida muka ji labarin dogayen layukan mai da aka yi a biranen Nijar cikin Maris 2025.

Kwana biyu muka yi a gari, sa'an nan muka nufi gabas ta hanyar Agye, zuwa ƙauyen da mai masaukinmu yake. Dattijo ne manomi, ya haura saba'in, gidansa na cikin gidaje uku ko huɗu na masu bi a ƙauyen, suna zaman lafiya da maƙwabtansu Musulmi, rijiya ɗaya, gayya ɗaya. Shi da babban cikinmu suka rungumi juna suka daɗe. Bayan an sha fura aka huta, ba mu bari ya numfasa ba muka tambaye shi labarin itatuwan. Wa ya dasa su? Da wane ruwa aka raine su?

Ya ce, "'Ya'yana, ba wanda ya dasa. Ku zo ku gani."

Ya kai mu gonarsa da 'yar wuƙa a hannu. Ya tsaya kan wani ɗan kurmin sabara wanda bai kai gwiwa ba, irin wanda kowane manomi a wajenmu zai sare ya tara ya cinna wa wuta kafin damina. Ya tone rairayi da hannu, sai ga tsohon kututture a ƙasa, mai kauri kamar cinya. Ya ce itacen nan an sare shi tun yana yaro, amma saiwarsa ba ta mutu ba. Kowace shekara tana tofo, kowace shekara ana sassabe ta. Ya ƙirga tofon, sun fi ashirin. Ya zaɓi uku masu ƙarfi da suka miƙe, ya yanke sauran, ya share ƙananan rassan ukun nan har rabin tsawonsu, yana yankan daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawon ya tsage. Ya ɗaura wa ɗaya tsumma ja, alamar mai shi yana so. Aikin bai ci minti biyar ba. Ya ce da yake saiwar ta riga ta yi zurfi ta kai ga laima, duk ƙarfinta yanzu cikin ukun nan zai tafi, shekara biyu ko uku sun wuce tsawon mutum. Wannan shi suke kira sassabin zamani.

Labarin yadda abin ya faro ya shafi aikin mishan, don haka ya kamata mu faɗe shi. Wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya zo Maraɗi a farkon shekarun 1980 a ƙarƙashin S.I.M., aka ba shi aikin dashen itatuwa. Ya yi ta raino a gandun dashe, yana kai wa ƙauyuka, amma mafi yawa suna mutuwa: zafi, iska, gara, awaki. Manoma ma ba su damu ba. Wata rana a 1983 yana jan tirela cike da dashe, ya tsaya domin ya rage iskar tayoyi saboda rairayi, ransa a ɓace har yana tunanin barin aikin. Shi da kansa ya sha faɗa cewa a wurin ya yi addu'a. Sai idonsa ya fāɗa kan wani ɗan kurmi a gefen hanya. Ya je ya duba ganyen, ya gane ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare yake neman tashi. Ya ɗaga kai ya ga irinsa ko'ina. Ashe dajin da ake cewa ya ƙare yana nan kwance a ƙarƙashin ƙasa.

Da fari mutane kaɗan ne suka yarda su gwada, ana yi musu dariya, gama a lokacin gona mai tsabta ita ce wadda ba ko tsinke a cikinta. Yunwar 1984 ce ta buɗe ƙofa. Aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itace a gona cikin ƙauyuka wajen ɗari, aka raya itatuwa kusan dubu 500. Da yunwa ta wuce, wajen kashi biyu cikin uku aka sare. Mai masaukinmu ya yi dariya ya ce shi ma yana cikin waɗanda suka sare, gama ya ɗauka dabarar Bature ce kawai ta raba hatsi. Amma ya lura da gonar maƙwabcinsa da bai sare ba. A tasa gonar iskar farkon damina takan binne tsiron gero da rairayi, sai ya yi shuka sau uku ko huɗu. Maƙwabcin sau ɗaya ya shuka ya zauna. Daga nan bai ƙara jiran kowa ya gaya masa ba.

Akwai wani abu kuma da ya hana mutane barin itace a dā, wanda baƙo ba zai gane da sauri ba. Tun dokar Faransawa ta 1935, da wadda ta gaje ta a 1974, itace na gwamnati ne ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro. In ka sare reshe, ma'aikacin gandun daji yana iya cin ka tara. To, wa zai yi rainon abin da zai jawo masa tara? Gara a kashe shi tun yana ƙarami. Sai da aka sassauta, aka fito da dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004, manomi ya tabbata wahalarsa ba ta wani ba ce. A ganinmu wannan ya yi aiki daidai da wuƙar sassabe, ko ma fiye. Kuma kada a ɗora dukan abin a kan mutum ɗaya. A wajen Magarya da Matamai da Mirya na jihar Damagaram manoma da yawa sun koma ga barin gawo da kansu, yadda kakanninsu suke yi. Masu binciken da suka gwada hotunan sama na dā da na baya, a tsakiyar shekarun 2000, sun kimanta hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo a kudancin Nijar, wato eka kamar miliyan 12, da itatuwa wajen miliyan 200. Sun kuma kimanta ƙarin hatsin da ake samu ta dalilin haka ya kai tan dubu 500 a shekara. A 2018 aka ba Rinaudo lambar girma ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, tare da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da ƙeƙasasshiyar ƙasa ta hanyar gina ƙananan ramuka ana zuba taki.

Gawo dai itace ne mai halin kansa. Sa'ad da sauran itatuwa suke tofo da ruwan fari, shi lokacin yake kaɗe ganye ya tsaya tsirara dukan damina, don haka ba ya tare wa gero rana. Ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake yake yi. Da rani ya yi ganye, dabbobi su taru a inuwarsa su bar kashinsu, su ci 'ya'yansa. Dattijon ya nuna mana guntayen kara a gindin wani babban gawo, kaurinsu ya ninka na fili. Ban da gawo akwai kalgo, da taramniya, da magarya, da aduwa, da kuka nan da can. Kowanne da amfaninsa: itacen girki, azara, igiya, miya, magani, abin sayarwa ran kasuwa.

Uwargidan ce ta ƙarasa mana labarin da dare, muna zaune a tsakar gida. Ta ce sa'ad da aka kawo ta amarya, neman itacen girki yakan ci mata rabin yini, wani lokaci sai kashin shanu da kara take hurawa, abin da ya kamata ya koma gona. Yanzu rassan da aka share sun ishe ta, har ta tara ta sayar. Kuɗin kuwa tana zubawa a asusun ƙungiyarsu ta Mata Masu Dubara. Wannan tsari a ƙasar Maraɗi aka fara shi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Ya ɗan bambanta da adashin da muka sani. Mata kamar ashirin ko talatin suna taruwa kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanka cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku dabam. Mai bukata ta ranta ta yi sana'a, ta mayar da ɗan ƙari. Ƙarshen shekara a fasa a raba. Ba banki, ba kuɗin waje. Matar da ke cikin tafiyarmu ta yi ta rubutu a littafinta, ta ce za ta kai wa zumuntar mata tasu.

Da a nan labarin ya tsaya, da mun dawo da farin ciki zalla. Amma mun kwana uku a gidan, kuma kwana uku sun isa baƙo ya ji abin da ake faɗa ƙasa-ƙasa.

Gonar da dattijon ya gāda ta ciyar da gidan ubansa har da ragowa a rumbu. Shi 'ya'yansa maza biyar ne, huɗu da iyali. Dajin da a dā ake shiga a sari sabuwar gona babu shi, gona ta haɗe da gona daga wannan ƙauye har wancan, ba a ma barin ƙasa ta huta. Ƙidaya tana gaya mana dalili. Mutanen Nijar miliyan 5 ne da 'yan kai a 1977, suka zama miliyan 7 a 1988, miliyan 11 a 2001, miliyan 17 a 2012, jihar Maraɗi kaɗai tana da miliyan 3 da dubu 400 a shekarar. Itace ya ƙara wa gona albarka, amma bai ƙara mata faɗi ba. Waɗanda suka fara rasawa mata ne. Bisa al'ada kowace matar aure ana yanka mata gamana, abin da muke ce wa gayauna, ta noma abin kanta. A gidaje da yawa yanzu babu abin yankawa. Surukan dattijon biyu ba su da ko taki ɗaya, sai kiwon jar akuyar nan ta Maraɗi da ɗan ƙuli-ƙuli.

Ruwan sama ma ya sāke hali. Dattijon ya ce ba a cika yin irin farin 1973 da 1984 ba, ko da yake an sha wuya a 2005 da 2010. Abin da ke damunsa yanzu shi ne ruwan ba shi da alkawari. Ya makara, ko ya zo ya ɗauke mako uku gero yana ƙarami, sa'an nan ya zubo na wata guda cikin dare ɗaya. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jihar Maraɗi kuwa tana cikin inda aka fi rasa rayuka. Har komawa makaranta sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba, gama mutane suna kwana a azuzuwa. Mun ga ɗakuna biyu a gidan da suka zube ba a tā da su ba tukuna. Zafin bazara kuma, in ji uwargida, ya kai inda tsofaffi da jarirai suke galabaita. Ga kuma baƙi: tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako gudun 'yan bindiga, suka zauna a yankunan Gidan Runji da Madarunfa, aka raba ɗan abin da ke akwai da su.

Saboda haka samari suke fita. Cin rani ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, amma dā Kano ce da Ikko da Abijan, a tafi bayan girbi a dawo da ruwan fari. Yanzu da naira ta yi sanyi, ido ya koma arewa: Libiya, Aljeriya, da ramukan zinariya na hamadar Agadas da aka gano a 2014. Hanyar ba ta da tausayi. A Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Zinariyar ma ba sai an je nesa ba take cin rai: a Nuwamba 2021 rami ya rufta a yankin Ɗan Isa, inda muka wuce, ya kashe aƙalla mutum 18.

Autan gidan, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya ƙudura sai ya tafi arewa. Ya yi makaranta har aji na tsakiya, yana da waya, yana ganin hotunan abokansa da babura sababbi. Kuɗin mota da na guzuri ne ba shi da su. Wani alhaji daga birni, wanda ya riga ya sayi gonaki da dama a yankin yana noman aya da riɗi, ya yi masa tayin karɓar rabonsa na gona jingina. A daren mu na biyu aka yi maganar, ba a ɓoye mana ba.

Yaron ya ce, "Baba, jingina ce, ba sayarwa ba. In na samu zan fanshe ta."

Tsohon ya ce, "Ka nuna mini mutum ɗaya a garin nan da ya fanshi tasa."

Yaron ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, in na zauna me zan ci? Rabona dami nawa zai ba ni? Da shi zan yi aure?"

Wannan karon tsohon ne ya yi shiru. Mu ma ba mu sami abin cewa ba, gama duka biyu gaskiya suka faɗa. A gefen da ake magana a kai akwai gawo goma sha ɗaya, tsohon ya san kowanne, ya san shekarar da ya ɗaura masa tsumma. Babban cikinmu ya so ya sa baki, ya fara ba da misalin noman rani da ake yi a fadamar Jiratawa, inda muka ga zogale da albasa da tumatir, waɗansu ma da injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Yaron ya amsa da ladabi ya ce, "Baba, mai fadama ai ya san abin da yake riƙe da shi. Mu a jigawa muke, rijiyarmu gaba talatin ce." Aka yi addu'a aka watse, ba a yanke kome ba.

Da safe muka ga uwargida ta fita da wuri, ta dawo rana ta ɗaga. Ashe wurin shugabar ƙungiyarsu ta je. Ta ranto abin da za a iya ba ta, ta haɗa da kuɗin jar akuya biyu da ta sa aka kai kasuwa, da na itacen da ta tara tun kaka. Ta ƙulle cikin tsumma ta ajiye gaban mijinta, ba gaban ɗan ba. Ta ce, "Malam, ga shi. A bar gonar." Bashin yana wuyanta, za ta riƙa biya mako-mako ko yaron ya aiko ko bai aiko ba. Mun tambaye ta a gefe ko ba ta jin tsoro. Ta ce tsoro kam tana ji, amma in ya tafi ya bar gona yana da wurin dawowa.

Ran da za mu koma, saurayin ya roƙi mu rage masa hanya zuwa tashar Maraɗi, inda zai sami motar Agadas. Kayansa 'yar jaka ce da bargo da galan na ruwa da aka naɗe da buhu. Uwar ba ta fito ba. Tsohon ya rako mu har bakin gonar, ya ba dattijonmu ƙullin 'ya'yan gawo ya ce ya kai wa awakinsa, ya kuma duba gonarsa ta gida da kyau kafin ya sa mata wuta bana. Sa'an nan ya juya ga ɗansa, ya kama hannunsa ya ce, "Ka dawo kafin gawo ya kaɗe ganye."

Muka sauke shi a tasha wajen ƙarfe goma. Motar ta riga ta cika da samari irinsa, an ɗaura galan-galan a jikinta kamar 'ya'yan kuka. Direbanmu yana ta duban agogo saboda hanyar Jibiya, don haka ba mu jira tashinsu ba. Bayan mun ƙetare iyaka muka hangi tulin ƙasa da aka jera domin hanyar jirgin da za ta haɗa Kano da Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda aka aza harsashinta a Fabrairu 2021. A lokacin jirgi bai fara bi ba, awaki ne suke hawa suna sauka a kanta. Mun shiga Katsina ana kiran la'asar.